Riƙon Shekara Arba'in a Filin Kurket

A garin Taiping an yi wani dattijo mai suna Kandiah Ponnudurai, wanda kowa ke kira Ponnu. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin jirgin ƙasa, ya yi ritaya yana shugaban tasha, kuma ba a taɓa kama shi da ha'inci ko makara ba. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne tak, amma ya ishe shi: riƙo. Idan ka ɓata masa rai yau, bayan shekara ashirin zai iya gaya maka rana da sa'a da kalar rigar da ke jikinka. A cikin duk rigingimun da ya taɓa yi kuwa, in dai daga bakinsa za ka ji labari, babu ko ɗaya da shi ne mai laifi.

Riƙon da ya fi daɗewa a zuciyarsa na wani mutum ne mai suna Baharom. Layinsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. Gidan su Ponnu mabiya addinin Hindu ne, gidan su Baharom Musulmi, amma ranar sallah Ponnu ke fara zama a tabarmar gidan su Baharom, ranar bikin fitilu kuma uwar Ponnu ba ta raba alawa sai ta ware rabon Baharom. Da suka zama samari, su biyun ne ke buɗe bugu a ƙungiyar kurket ta garin, wasan da ake dukan ƙwallo da katako ana kare turakun da aka kafa a ƙasa, wannan a bakin waɗannan turaku, wancan a bakin waɗancan, har mutane suka saba kiran sunayensu a haɗe.

Suna da shekara ashirin da huɗu aka yi wasan da ya raba su. Ranar masu zaɓen 'yan wasan jiha sun zo kallo, kuma kowa ya san gurbi ɗaya ne ya rage. Ponnu yana cikin bugu mai kyau, ya tara maki arba'in da takwas, sai ya doki wata ƙwallo ta yi gefe, ya sunkuyar da kai ya ruga don su yi musayar wuri da Baharom su ƙara maki ɗaya. Baharom bai motsa ba. Ponnu ya kai tsakiya, ya ɗago ya ga abokinsa a tsaye, ya juya da baya, amma kafin ya kai layinsa an riga an watsa turakunsa da ƙwallo. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, Ponnu ya fita ke nan. Baharom ya ci gaba da bugu har yamma, shi aka ɗauka, ya yi wa jiha wasa shekara bakwai.

Daga ranar Ponnu ya tsayar da labarinsa: Baharom ne ya kira shi da baki ya ce taho, sannan ya tsaya da gangan don ya kawar da shi daga gabansa. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a wurin biki, ya faɗa wa surukansa. Sau uku Baharom ya je gidansu a shekarar, Ponnu bai fito ba. Baharom ya aiko masa da katin aurensa, Ponnu bai je ba. Idan suka haɗu a kasuwa, Ponnu ya tsallaka titi. A haka suka shekara arba'in da ɗaya a gari ɗaya.

Da tsufa ya zo, ciwon ƙoda ya kama Baharom, wanda a lokacin ya je Makka ana kiransa Haji Baharom. Litinin, Laraba da Juma'a ana kai shi wata ƙaramar cibiyar wankin ƙoda da ke rayuwa da taimakon jama'a. Injinan cibiyar sun tsufa, masu jira sun yi yawa. Sai 'yarsa Mazlina, wadda malamar sakandare ce, ta haɗa kai da wasu mutanen gari suka shirya wasan kurket na taimako, likitoci da malaman makaranta, ranar wata Lahadi a filin gari. Da kanta ta kawo wa Ponnu katin gayyata. Ba ta same shi ba, ta ba matarsa Pushpam.

Ranar Asabar Pushpam ta ga yana goge kujerarsa mai naɗewa, ta ce, "Baban Vasuki, ashe za ka je."

Ya ce, "Kallon kurket zan je. Ba wurin kowa zan je ba."

Ta ce, "An ce mutumin nan ya lalace ƙwarai. Ƙafafunsa sun kumbura, ko tsayuwa ba ya iyawa."

Ponnu ya ce, "Lokacin da yake iya tsayuwar ai ya yi ta fiye da kima."

Pushpam ta dube shi, ta kwashe kwanukanta ta shige ciki. Shekara talatin da takwas da aure sun koya mata inda magana ke ƙarewa.

Ƙarfe tara na safe ya isa filin da kujerarsa da lema. A bakin ƙofa ya jefa ambulan a akwatin taimako, don shi ba marowaci ba ne. An kafa babbar rumfa a gefen yamma, an jera kujeru, an rataya lasifika. Ponnu bai kalli wajen ba. Ya bi bayan igiyar iyaka ya zagaye filin kaf, ya je can ɗaya ɓangaren ya buɗe kujerarsa ƙarƙashin wata babbar bishiya. Daga nan sai ya ɗaga kai. A gaban rumfar, can nesa, akwai wani ɗan farin abu a cikin keken marasa lafiya. Farar hula ce. Ya kawar da ido ya mayar kan fili.

Bai daɗe da zama ba ya ji ƙarar wani tsohon babur a bayansa. Cheah Teik Soon ne, mai gyaran agogo, tsohon ɗan wasa shi ma, wanda a zamaninsu yake tsaron bayan turaku a ƙungiyar wani garin kafin ya dawo Taiping da zama. Gwiwoyinsa sun mutu, amma bakinsa na nan daram. Ya sauko da ƙyar, ya shimfiɗa jarida a kan saiwar bishiyar ya zauna.

Ya ce, "Kai Ponnu, ana can ana raba shayi kyauta a inuwa, kai ka zo nan kana gadin tururuwa?"

Ponnu ya ce, "Daga nan aka fi ganin hannun mai jifa."

Teik Soon ya ce, "Hannun wa? Waɗannan masu tumbin? Ka ga wancan mai jar hular, shi ya cire min haƙori bara. In jifansa irin aikinsa ne, yau sai an kwashi wani a motar asibiti. Daɗin abin dai likitocin na kusa."

Ya zaro ƙunshi biyu na ganyen ayaba daga jaka, shinkafar kwakwa da yaji da ƙananan kifi, ya miƙa wa Ponnu ɗaya. Suka ci, aka fara wasa.

Likitoci ne suka fara bugu. Wasan ba na gwanaye ba ne, kuma babu wanda ya zo neman gwaninta. Wani likitan yara ya kai wa ƙwallo duka ya kuskure, katakon ya suɓuce masa ya tashi sama ya fi ƙwallon nisa. Wani malamin lissafi ya bi ƙwallo da gudu har igiya, ya kama ta, sannan ya kwanta a ciyawa ya ƙi tashi sai da aka kawo masa ruwa. Mai magana a lasifika yana ta tsokanar kowa da sunansa, jama'a na dariya, mata na zagayawa da farantan cincin da ruwan kwakwa. A duk filin Ponnu ne kaɗai ke kallo da gaske. Wannan bai iya riƙe katako ba. Wancan ƙafarsa ta baya ba ta motsi. Alƙalin wasan ma bai san inda ake tsayawa ba.

Teik Soon ya ce, "Mutumina, wasan taimako ne fa, ba jarrabawa ba."

Ponnu ya ce, "Abin da za a yi, a yi shi daidai."

Wajen ƙarfe sha ɗaya suka ga wata mace ta taso daga rumfa tana zagayo igiya, da takardu a hannu. Mazlina ce. Ta iso tana haki, ta ɗan rusuna.

Ta ce, "Baffa, sannu da zuwa. Wallahi na ji daɗi da ka zo. Baba ne ya hango ka, ya ce wancan zaman na Ponnu ne ko daga bangon duniya. An ajiye maka kujera kusa da shi."

Ponnu ya ce, "Sannu 'yata, kin yi ƙoƙari. Ki gaishe shi. Nan ya fi min iska."

Ta ce, "Ko gaisawa ce kawai, Baffa. Tun asuba yake tambaya ko za ka zo."

Ya ce, "To, sai an tafi hutun rana."

Ta yi godiya ta koma. Teik Soon ya bi ta da kallo, ya dubi Ponnu.

Aka tafi hutun rana. Aka kira sallar azahar a masallacin da ke bayan filin, mutane da yawa suka tashi, wasu suka yi layin abinci. Ponnu ya ga an juya keken ya fuskanci bishiyarsa. Ya buɗe lema ya kare fuskarsa, ya ce wa Teik Soon rana ta juyo. A ransa kuwa lissafin a bayyane yake: shi aka cuta, don haka ba shi ne zai taka ya je ba. Hutun ya ƙare yana zaune.

Da aka dawo, malamai suka karɓi bugu. Rana ta yi zafi, iska ta tsaya. Ana cikin haka wani malamin tarihi ya doki ƙwallo ya ruga, abokin bugunsa ya fara tahowa ya fasa, ya sake tahowa ya sake fasawa, har suka tsinci kansu su biyu a wuri ɗaya suna kallon juna, aka watsa turakun ɗaya gefen a natse. Filin ya kaure da dariya. Malamin da aka fitar ya ɗaga katako kamar zai rafka wa abokinsa, abokin ya durƙusa yana roƙo da hannu biyu, sannan suka rungume juna, wanda ya fita ya tafi yana ɗaga wa jama'a hula.

Ponnu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka gani ko? Irin wannan ne. Mutum ya kira ka ya ce taho, ka amince masa ka baro layinka, sannan ya dasa ƙafa ya tsaya. Su yanzu wasa suke yi. Ni rayuwata aka yi wa haka. Ina da arba'in da takwas, masu zaɓe na zaune..."

Teik Soon ya ce, "Ponnu."

"...sai ya ɗaga murya ya ce taho..."

"Ponnu, dakata. Wa ya watsa turakunka ranar?"

Ponnu ya ce, "Kai ne mana. Ban riƙe ka ba, aikinka ka yi."

Teik Soon ya ce, "Na gode da ba ka riƙe ni ba, don na san nauyin riƙonka. To ni ne nake bayanka, taku uku tsakaninmu. Duk abin da ya shiga kunnenka ya shiga nawa. Labarin nan na ji shi daga bakinka ya fi sau ɗari, ina shiru. Yau ga mutumin can a keke, ba zan ƙara yin shiru ba. Baharom bai ce taho ba. Tsaya ya ce. Sau uku ya faɗa, da ƙarfin da har tsuntsayen bishiyar nan suka tashi. Ya ɗaga maka hannu kamar ɗan sanda. Kai ne ka duƙar da kai, cika maki hamsin kake gani ba komai ba."

Ponnu ya ce, "Tsufa ya taɓa ka."

Teik Soon ya ce, "Gwiwa ya taɓa min, bai kai kunne ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mu goma sha ɗaya ne a fili, ga alƙalai biyu. Duk wanda ya buga wasan nan ya sani."

Ponnu ya ce, "To me ya hana wani ya faɗa, shekara arba'in?"

Teik Soon ya ce, "Baharom ne ya hana. Da yamma ya shigo ɗakin da muke canza kaya, ya ce mana, ku bar shi ya faɗi abin da yake so, ya rasa gurbi, kada a haɗa masa da laifi, in ya huce zai dawo. Mu ma mun ɗauka sati biyu ne. Wa ya san kai ba ka hucewa?"

Ponnu ya mayar da ido kan fili, inda sabon mai bugu ke gyara safar hannu. Abin da ya fi damunsa ba maganar Teik Soon ba ce. Abin da ya dame shi shi ne maganar ba ta zo masa a matsayin sabon labari ba. Ya tuna muryar. Ya tuna hannun da aka ɗaga. Ya tuna cewa a kan hanyarsa ta fita daga fili ranar, kafin ya kai rumfa, ya riga ya fara gyara abin da ya faru, don ba zai iya zama a gaban masu zaɓe a matsayin wanda ya fitar da kansa da kansa ba. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, daga baya ya daina sanin cewa shi ya ƙera labarin.

Malamai suka ci gaba da tara maki a hankali. Wata ƙwallo ta gangaro har kusa da ƙafar Ponnu, bai ma sunkuya ya ɗauka ba.

Wajen ƙarfe uku da rabi Teik Soon ya kare ido da hannu ya ce, "Kai, dubi can."

Keken ya baro rumfa. Mazlina ce ke tura shi a kan ciyawa ta bayan igiya, wani mutum na riƙe musu lema. Ciyawar ta yi laushi, ƙafafun keken na nutsewa, sai ta tura ta tsaya, ta tura ta tsaya. Duk inda suka wuce mutane na tashi su gaisa da Haji. Amma babu shakka game da inda suka nufa, don a wannan gefen babu kowa sai tsofaffi biyu da bishiya.

Ponnu ya kalle su har suka ci rabin hanya. Sai ya miƙe ya ce, "Bari in sha shayi."

Teik Soon ya ce, "Zauna, Ponnu."

"Yanzu zan dawo."

"Na ce ka zauna. Mutumin nan bai kamata ya shiga rana ba ma. Saboda kai ya fito."

Ponnu ya riga ya juya. A bayan bishiyar, kusa da inda aka ajiye motoci, wata mata ta kafa rumfar tamfol tana sayar da shayi. Ya karɓi kofi ɗaya, ya zagaya bayan rumfar ya tsaya a inda tamfol biyu suka haɗu suka bar 'yar kafa. Ta kafar yana ganin kujerarsa.

Keken ya iso. Karo na farko ke nan cikin shekaru masu yawa da Ponnu ya ga Baharom a kusa ba tare da ya kawar da kai ba. Mutumin da ke dukan ƙwallo ta tsallake rufin rumfa ya koma kamar yaro a cikin rigar babansa. Fatarsa ta yi duhu, wuyansa ya zama siriri, hannunsa na hagu a naɗe da bandeji. Mazlina ta gyara keken ta jera shi da kujerar da babu kowa. Teik Soon ya yi wata magana yana nuni da hannu ba tare da ya nuna ko'ina ba. Baharom ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya zauna yana kallon wasa. Da wani malami ya buga ƙwallo ta wuce igiya, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bubbuga a cinyarsa.

Taku ashirin ne tsakaninsu. Ponnu ya san da haka, don ya ƙiyasta. Amma ya ce wa kansa, in ya fita yanzu, a gaban Mazlina ne, a gaban mai lema, a gaban Teik Soon wanda kafin gobe zai gaya wa duk mai shiga shagonsa cewa an durƙusar da Ponnu. Magana irin wannan ba ta bainar jama'a ba ce. Zai je gida ya same shi, su biyu kawai, su yi ta a mutunce.

Mai shayin ta leƙo ta ce, "Baba, shayinka ya huce fa. In sake maka wani? Ga benci ma, ka zauna."

Ya ce, "Bar shi, haka nake sha."

Kusan minti ashirin Baharom ya yi a wurin. Sau biyu Mazlina ta sunkuya ta yi masa magana, sau biyu ya girgiza kai. Sannan hadarin da ke taruwa a kan dutsen bayan gari tun azahar ya gangaro, kamar yadda ya saba a Taiping. Iska ta kaɗa, ɗigo ya fara sauka, kafin a ce wani abu ruwa ya ɓarke. 'Yan wasa suka kwashi turaku suka ruga. Mazlina ta cire mayafin kafaɗarta ta lulluɓe mahaifinta, mai lema ya ruga ya kawo mota har bakin ciyawa, suka ɗaga shi su biyu suka sa a ciki. Motar ta wuce ta gaban rumfar shayi. Ponnu ya matsa baya.

Ba a ƙarasa wasan ba. Mai lasifika ya sanar cewa babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ya yi wa kowa godiya, ya ce abin da aka zo nema ya samu. Da ruwan ya tsagaita Ponnu ya fito. Teik Soon na tsaye a jiƙe, ya naɗe masa kujerarsa. Ya miƙa masa ya ce, "Shayin nan ya yi tsawo." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A gida Pushpam ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce ruwa ya ɓata wasa. Ta tambaye shi ko sun gaisa, ya ce taro ya yi yawa.

Niyyar zuwa kam ya yi ta da gaske. Litinin ranar wankin ƙoda ce, ba za a same shi ba. Talata ya ga ta yi kusa da Lahadi, za a ce Teik Soon ne ya turo shi. Laraba kuma wani wankin ne. Ya tsayar da Alhamis. A cikin kwanakin ya yi ta shirya abin da zai faɗa, yana ragewa yana ƙarawa, har ya samu jimlar da ta yi masa: mu duka yara ne a lokacin, kowa ya yi nasa kuskuren. Ranar Laraba da yamma wayarsa ta yi ƙara sau huɗu. Ya duba ya ga sunan Teik Soon, ya kife ta a kan tebur. Mutumin da ya ƙaryata shi a fuska, a ganinsa, sai ya ɗan ɗanɗana shiru tukuna.

Alhamis da hantsi ya sa farar riga, ya hau motar haya zuwa unguwar su Baharom. Tun daga bakin layi ya ga rumfa a ƙofar gidan, da kujerun roba, da takalma jibge a bakin matakala. Maza na shigowa layin a ƙungiya, da jar ƙasa a ƙafafun wandunansu. Teik Soon na zaune a gefe a kan wata kujera. Da ya ga Ponnu bai tashi ba.

Ya ce, "Jiya da la'asar, bayan an dawo da shi daga cibiya. Yanzu aka dawo daga maƙabarta. Na kira ka."

Ponnu ya tsaya a tsakiyar layi da hannuwansa a sake. Can Mazlina ta fito raka wasu mata, ta gan shi, ta ƙaraso. Idanunta sun kumbura, amma muryarta a daidaice take.

Ta ce, "Baffa, sannu da zuwa. Shigo ka zauna."

Ya ce, "Ya haƙuri, 'yata. Ban ji ba. Yau dama na yi niyyar zuwa." Sannan ya ce, "Ranar Lahadi na je shan shayi ne, ruwa ya tare ni."

Ta ce, "Na sani, Baffa. Baba ya gan ka. A mota ya ce min, ga Ponnu can a bayan tamfol tun da muka iso. Na ce bari in je in kira ka, ya ce a'a, ki bar shi, bai shirya ba tukuna."

Ponnu ya ce, "Bai ce komai ba bayan wannan?"

Ta ce, "Bai ce ba."

Aka kira ta daga cikin gida, ta ba shi haƙuri ta koma. Wani ya kawo masa kujera da ruwa. Ya zauna cikin masu makoki har azahar, babu wanda ya yi masa magana mara daɗi, babu kuma wanda ya tambaye shi komai. Jimlar da ya kwana huɗu yana gyarawa tana bakinsa, ba wanda zai faɗa wa. Da mutane suka tashi salla, shi ma ya tashi ya nemi motar komawa gida.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, riƙo ba ya hukunta wanda aka riƙe kamar yadda yake cinye mai riƙon, kuma sau da yawa idan mutum ya bincika tsohon fushinsa da gaskiya zai tarar da nasa laifin kwance a ƙarƙashi. Ponnudurai bai rasa abokinsa saboda kuskuren gudu ɗaya a filin wasa ba. Ya rasa shi ne saboda ya fi son a ce shi ke da gaskiya a kan ya zauna da mutumin da ke ƙaunarsa, kuma ko da gaskiyar ta bayyana masa, sai ya tsaya neman ranar da neman afuwa ba zai taɓa masa girma ba. Irin wannan rana ba ta zuwa. Duk wanda ya san akwai mutumin da ya kamata ya je ya ce masa na yi kuskure, to ya tashi ya je yau, ko a gaban mutane ne, ko kalmomin ba su gama tsaruwa ba, domin babu wanda aka ba tabbacin cewa wanda yake jiransa zai kai ranar da shi ya zaɓa.